Yadda ake sayar da bindiga mai lasisi a Kumasi ba tare da ka jawo wa kanka shari'a ba

A Ghana lasisin bindiga na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya. Sunanka ne a jikinsa, lambar bindigar ce a jikinsa, kuma bayanin yana ajiye a babbar rajistar makamai da ke hedikwatar sashen binciken manyan laifuka na 'yan sanda, wato CID, a Accra. Muddin sunanka na cikin wannan rajista, a idon hukuma bindigar taka ce, ko da ka karɓi kuɗinta shekara biyar da suka wuce, ko da limamin unguwa ne ya shaida cinikin. Duk abin da ke cikin wannan bayani yana komawa ga abu guda: bindiga ba ta barin hannunka sai 'yan sanda sun amince da mai saye, sun ba shi nasa lasisin, sun cire sunanka.

Mu mutanen zango mun saba ciniki da amana. Daga Asawase zuwa Aboabo, daga Alabar zuwa Sawaba, mutum zai sayar da mota ya miƙa makulli da takardu, a ce canjin suna a DVLA, hukumar rajistar motoci, sai an samu sarari, shekara ta zagayo ba a yi ba. A mota wannan sakaci kan jawo wahala. A bindiga yana iya cin sauran rayuwar mutum. Sashe na 192 na dokar manyan laifuka ta 1960 ya sa mallakar bindiga ko harsashi ba tare da izini ba a cikin laifuka masu daraja ta farko, waɗanda hukuncinsu kan iya kaiwa ɗaurin rai da rai, kuma wanda aka kama da ita shi ke da nauyin nuna hujjarsa. Ranar da ka miƙa wa wanda ba shi da lasisi bindiga, ka jefa shi cikin wannan laifi, kai kuma ka karya dokar makamai ta 1972, wadda aka kafa zamanin mulkin soja na Acheampong kuma har yau da ita ake aiki tare da ta 1962 da gyare-gyaren 1996 da 2001. In aka yi fashi da bindigar a hanyar Techiman, ko aka tsince ta a ramin masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, lambar da ke jikinta ƙofar gidanka za ta kawo jami'ai. Fashi da makami a Ghana mafi ƙarancin hukuncinsa shekara 15 ne, kuma wanda ya samar da makamin shi ma ana iya tuhumarsa.

Fara da takardunka, kafin ka gaya wa kowa

Ɗauko lasisin ka duba shekararsa. Lasisin bindiga yana ƙarewa ranar 31 ga Disamba ta kowace shekara, kuma wajibi ne a sabunta shi. Mutane da yawa sun yi rajista sau ɗaya, suka ninke takardar cikin akwati, ba su sake waiwayarta ba. In kana cikinsu, sabuntawa ce aikin farko. Ka je ofishin 'yan sanda mai kula da rajistar makamai, ka faɗi gaskiyar shekarun da ka tsallake, ka biya abin da ake binka, ka karɓi rasidi. Ba a canja sunan bindigar da lasisinta ya mutu, kuma mai saye mai hankali ba zai taɓa ta ba.

Sannan ka ajiye lasisin kusa da bindigar, ka kwatanta harafi da harafi: sunan kamfanin da ya ƙera ta, girman bakinta, da lambar da aka buga a jikin ƙarfen. A bindigar farauta mai karyewa, lambar kan kasance a ƙarƙashin bututun ko a jikin ƙarfen da ke riƙe da kunama, wani lokaci sai ka cire katakon gaba kafin ka gan ta. In tsatsa ta rufe ta, ka goge da mai da tsumma kawai. Kada ka sa sandifefa, kada ka kai wa maƙeri ya zurfafa lambar, domin lambar da aka taɓa abin tuhuma ce ko da niyyarka mai kyau ce. In ka ga lambar takarda da ta bindiga sun saɓa, ko da harafi ɗaya ne, ka kai maganar ofis tun yanzu a gyara. In takardar ta ɓata, ka ba da rahoton ɓatan a caji ofis, ka karɓi kwafin rahoton, ka nemi a binciko bayaninka a rajista.

Bindigar da ba ta da takarda kwata-kwata ba ta cikin wannan bayani, domin babu hanyar halal ta sayar da ita. Binciken da cibiyar Kofi Annan ta horar da masu wanzar da zaman lafiya ta yi a 2014 ya ƙiyasta cewa akwai ƙananan makamai kusan miliyan 2.3 a hannun farar hula a Ghana, kuma kusan miliyan 1.2 ne kawai ke da rajista. Saboda irin waɗannan ne gwamnati kan buɗe lokacin afuwa, wato lokacin da mai irin wannan bindiga zai kai ta ga hukuma ba tare da an hukunta shi ba. An yi a 2016, an sake buɗe wani daga 1 ga Disamba 2025 a ƙarƙashin ministan cikin gida Muntaka Mohammed-Mubarak, ɗan majalisar Asawase. In kana riƙe da irin wannan bindiga, ka sami lauya ya yi maka jagora wajen miƙa ta ga 'yan sanda. Turawa hannun wani da sunan rabuwa da kaya ƙarin laifi ne a kan laifi.

Bindigar gado

A nan ne na fi ganin mutanen kirki suna faɗawa rami ba su sani ba. Dattijo ya rasu, ya bar bindiga mai baki biyu da ya yi shekaru yana gadin gonarsa da ita a wajen Ejura. An yi sadakar bakwai, an yi ta arba'in, malamai sun zauna rabon gado, an yi wa bindigar kuɗi tare da sauran kaya, ta faɗo rabon babban ɗa. Shi kuma ba maharbi ba ne, yana buƙatar kuɗin makarantar yara, sai ya nemi mai saye, ya miƙa masa bindigar da lasisin marigayi. A zuciyarsa ya yi komai daidai, tunda ga takarda.

Lasisin mamaci ba ya aiki a hannun kowa. Rabon gado ya ba magaji darajar bindigar, amma izinin riƙe ta sai daga hukuma. Abin da ya kamata shi ne, da zarar an yi rasuwa, babba a gidan ya sanar da caji ofis mafi kusa cewa marigayi ya bar bindiga mai rajista, a miƙa ta ajiya a rumbun makaman 'yan sanda tare da harsashin da ya rage, a karɓi takardar shaidar ajiya mai ɗauke da lambarta. Daga nan iyali su tanadi takardar shaidar mutuwa, da takardar da kotu ke bayarwa ga mai kula da dukiyar mamaci, ko ta tabbatar da wasiyya in ya bar wasiyya. Wanda kotu ta ba wannan iko shi ne zai sa hannu a wasiƙar neman canjin suna, ko zuwa ga magajin da ke son riƙe ta, ko kai tsaye zuwa ga mai saye. Ina ba da shawara a haɗa da takardar amincewar sauran magada, maza da mata, kowa da sa hannunsa ko dangwalen yatsansa. Rigimar gado kan tashi bayan shekaru, kuma babu mai son jin ƙanwarsa tana gaya wa 'yan sanda cewa an sayar da bindigar babansu a ɓoye.

Haka hukuncin yake ga kyauta, da aro, da jingina. Ba wa ƙaninka aron bindiga ya je gona, ko ajiye ta wurin mai ba da bashi har ka biya, ko miƙa wa mai gadin shagonka ya kwana da ita, duk miƙa makami ne ga wanda ba shi da izini. Ko kamfanonin tsaro masu zaman kansu ba a yarda ma'aikatansu su riƙe bindiga ba a Ghana, balle mai gadin da ka ɗauka da baki.

Wa za ka sayar wa?

Kada ka sa hoton bindigarka a Facebook ko TikTok ko zauren WhatsApp. Ka sanar da ɓarayi abin da ke ɗakinka, kuma masu amsa irin wannan talla galibi su ne waɗanda ba sa son zuwa ofis. Ka yi magana da mutanen da ka san harkarsu: manoma, maharba masu lasisi, ko dillalin makamai mai izinin gwamnati, wanda shi ma yana iya saye ko ya haɗa ka da mai nema. Kasuwar bindigar farauta na iya ƙara motsi gab da Disamba, domin daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farautar yawancin namun daji a ƙasar nan. In ba ka cikin matsi, ka fara shirin takardu tun watan Agusta.

Wanda ya zo, ka tambaye shi abu uku tun kafin maganar kuɗi: me zai yi da ita, a ina yake zaune, kuma ya yarda ku tafi ofishin 'yan sanda tare? Tambaya ta uku ita ce ke tace mai gaskiya. Dole mai saye ya kai shekara 18, ya kasance mai cikakken hankali da lafiya, ba shi da tarihin aikata laifi. 'Yan sanda za su bincika wannan, amma kai ma kana da ido da kunne a unguwa, ka san abin da fayil ba zai nuna ba. Ka san mai zafin zuciya, ka san wanda ke cikin rigimar fili ko ta sarauta, ka san wanda matarsa ta sha kai ƙara wurin mai unguwa saboda duka, ka san yaron da ƙwaya ta fara taɓawa. Irin waɗannan ko lasisi zai fito musu, kana da ikon cewa ba ka sayarwa. Malaman fiƙihu sun daɗe da hana sayar da makami a lokacin fitina, ko ga wanda ka san ɓarna zai yi da shi, kuma a ganina wannan nauyi ya fi na takarda girma.

Ka yi hattara da mai cewa wani ne ya aiko shi. Wanda zai riƙe bindigar shi ne zai nemi lasisi da kansa, da fuskarsa, da katinsa. Ka yi hattara da wanda ya ƙara maka kuɗi a kan abin da ka sa don a bar maganar takarda. Ka ƙara hattara da wanda zai wuce da ita arewa, inda rikicin Bawku ya sa ma'aikatar cikin gida ta sha kafa dokar hana fita tare da haramta ɗaukar makami kwata-kwata. Baƙon da ya zo fatauci daga Burkina Faso ko Nijar ko Togo kuwa, duk yadda kuka saba a harkar albasa ko shanu, ba a sayar masa ya tsallaka Paga ko Aflao da ita. Fitar da makami daga ƙasa yana buƙatar izinin gwamnati na musamman, kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai, wadda Ghana ke ciki, ta hana safararsu tsakanin ƙasashe sai da keɓantaccen izini.

Mafi wuya shi ne mai saye na gida. Zai ce, "Haba Alhaji, ni da kai har sai an je wurin 'yan sanda? Ba ni ita kawai, takarda ma yi a hankali." Amsar da ba ta ɓata zumunci ita ce ka mai da abin kariya gare shi: "Ɗan'uwa, in aka tare ka da ita a shingen hanya yau, kai za a fara rufewa kafin a zo kaina. Mu je a yi maka taka takardar, ka riƙe abinka hankali kwance." In babba ne gare ka, ka ce, "Kawu, ba rashin yarda ba ne, doka ce ta ɗaure ni, kuma ba na so a ce ta dalilina aka ci mutuncinka."

Idan zai duba bindigar, a gidanka ne, ba yara a wurin. Ka karya ta ko ka buɗe ta a gabansa, ka nuna masa cikinta babu komai, harsashi na kulle a wani wuri dabam, baki na kallon ƙasa. Ba a gwajin harbi a unguwa. Harba bindiga a cikin gari laifi ne a dokar manyan laifuka, kuma dokar 1972 ta hana nuna makami ko harba shi a bainar jama'a ba tare da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda ba.

Zuwa ofis, ku biyu

Zuwan farko ku bar bindigar a gida, ku tafi da takardu kawai. Ku fara da ofishin 'yan sandan gundumar da aka yi wa bindigar rajista ko inda kake sabunta lasisinka, ku nemi jami'in da ke kula da rajistar makamai. In babu shi a nan, za a tura ku hedikwatar 'yan sandan yankin Ashanti da ke Adum. Ku gaya masa kuna son canjin sunan mai bindiga, ku nemi ya lissafa muku abin da ake buƙata, ku rubuta a gabansa. Ku kuma tambaya ko an buɗe rajista a lokacin, domin gwamnati kan dakatar da ba da sababbin izini na ɗan lokaci, musamman a lokutan afuwa ko matsalar tsaro.

Nau'in bindigar ne ke yanke tsawon hanyar. Bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, harkarta a hannun 'yan sanda take. Ƙaramar bindiga ta hannu, fistol ko libarba, sai mai saye ya rubuta wa ministan cikin gida, hukumomin tsaro su tantance shi, izini ya fito daga Accra. Wannan yana ɗaukar lokaci mai tsawo, kuma ana iya ƙi. In irin wannan ce kake sayarwa, ka gaya wa mai saye tun farko kada ya zo yana damunka bayan sati biyu. Bindigogin yaƙi irin AK-47 kuwa ba a ba farar hula lasisinsu.

Kai mai sayarwa, ka rubuta wasiƙa da Turanci, tunda shi ne harshen ofis. Ta ƙunshi cikakken sunanka kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa, wato Ghana Card, da lambar katin, da adireshinka har da lambar adireshin gida ta GhanaPost GPS, da lambar waya; sai nau'in bindigar, kamfaninta, girman bakinta, lambarta, da lambar lasisinka; sai sunan mai saye da bayanansa; sai jimla guda mai cewa kana neman izinin mayar da mallakar bindigar gare shi. Ka haɗa da kwafin lasisi, kwafin rasidin sabuntawa na bana, da kwafin katinka. A nan mutanenmu kan sha wahala da rubutun suna: Mohammed a kati, Muhammad a lasisi, ko Issah a wannan Isa a wancan. In haka ta same ka, ka je wurin kwamishinan rantsuwa, suna nan da yawa kusa da kotunan Adum, ka yi takardar rantsuwa cewa sunayen duka naka ne.

Mai saye shi ma zai rubuta tasa wasiƙar neman lasisi, ya faɗi dalilinsa, farauta ko gadin gona ko kare gida, ya haɗa da kwafin katinsa, hotunan fasfo, da adireshin da za a same shi. Ya shirya wa bincike: za a duba ko yana da tarihin laifi, ana iya zuwa unguwarsu a tambayi halinsa, ana iya tambayarsa inda zai riƙa ajiye bindigar. Duk takardar da kuka miƙa, ku riƙe kwafi, ku roƙi a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku kwafin. Duk kuɗin da aka ce ku biya, ku karɓi rasidin gwamnati. Wanda ya tare ku a bakin ƙofa ya ce zai fito muku da lasisi cikin kwana biyu in kun ba shi wani abu, ku wuce shi. Lasisin da bai shiga rajista ba takarda ce kawai, kuma sunanka yana nan a kan bindigar.

Takardar ciniki da maganar kuɗi

Bayan an karɓi wasiƙunku, ku rubuta yarjejeniya tsakaninku. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarce mu da rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki, don haka babu wanda zai ce baƙon abu ka kawo. Ku sa sunaye da lambobin kati, cikakken bayanin bindigar, farashi da sidi a lamba da kuma a harafi, abin da aka biya da abin da ya rage. Sannan ku sa sharuɗɗa uku da su ne ƙashin bayan takardar: cinikin ba ya kammala sai lasisin mai saye ya fito, bindigar ba ta shiga hannunsa kafin wannan rana, in hukuma ta ƙi ba shi, za a mayar masa da kuɗinsa, kuma ku faɗi cikin kwana nawa da wanda zai ɗauki kuɗin ofis da aka riga aka kashe. Shaidu biyu su sa hannu, manya masu hankali, zai fi kyau ɗaya daga ɓangarenka ɗaya daga nasa. Ku kai wa kwamishinan rantsuwa ko lauya ya buga hatimi.

Dattawanmu da yawa sun iya karatun Larabci da ajami amma ba sa karanta Turanci. In ɗayanku haka yake, dokar Ghana ta kare wanda bai iya karanta takardar da zai sa wa hannu ba: marubucin ya karanta masa, ya fassara masa da Hausa, ya rubuta a ƙasan takardar cewa an yi hakan kuma ya fahimta kafin ya dangwala yatsa, shi ma marubucin ya sa sunansa. Takardar da ba ta da wannan bayani tana da rauni a kotu.

Shawarata kan kuɗi ita ce ka karɓi kafin alƙalami kaɗan, wanda za ka iya mayarwa ba tare da ka shiga bashi ba, sauran kuma ranar miƙawa. Wanda ya biya duka tun farko yakan ji bindigar ta zama tasa, ya fara matsa maka lamba, kai kuma kunya ta kama ka tunda ka ci kuɗinsa. Biya ta banki ko ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, daga layin da ke da sunan mai saye ya fi, saboda yana barin shaida. In kuɗin hannu ne, a rubuta rasidi a gaban shaidu.

Lokacin jira yana iya tsawo. Bindigar ta zauna a kulle a gidanka, babu harsashi a cikinta, ko ka nemi a ajiye maka ita a rumbun makaman 'yan sanda ka karɓi takardar ajiya. Na fi son ta biyun ga wanda ya san ba zai iya jure roƙo ba, ko wanda zai yi tafiya, ko mai samari a gida. In jiran ya tsallaka Disamba, sabunta lasisin sabuwar shekara yana kanka, domin har yanzu kai ne mai ita.

Ranar miƙawa

A ofishin 'yan sanda ake miƙawa, a gaban jami'in rajista. Ka tambaye shi tun kafin ranar yadda yake so a kawo ta. Ka cire harsashi, ka raba ta biyu in mai rabuwa ce, ka sa a jaka ko akwati a rufe, lasisinka a aljihunka. Ka ɗauki mota ta kanka ko tasi shata, daga gida kai tsaye zuwa ofis, ba tsayawa a kasuwar Kejetia, ba shiga motar haya da jama'a. In an tare ka a hanya, ka faɗa da bakinka tun kafin a buɗe jakar, ka nuna lasisi da kwafin wasiƙarka mai hatimi.

Ka ga lasisin mai saye da idonka. Ka duba sunansa, ka duba lambar bindigar da aka rubuta, ka tabbatar ita ce taka harafi da harafi, ka ɗauki kwafinsa. Kafin ka miƙa naka tsohon lasisin, ka yi masa kwafi gaba da baya. Ka roƙi jami'in ya ba ka shaida a rubuce cewa an mayar da bindigar ga wane a rana kaza, ko ya rubuta hakan a kan kwafin wasiƙarka ya sa hannu da hatimi. Ka rubuta sunansa da muƙaminsa. Sannan ku ƙara layi a ƙasan yarjejeniyarku: an biya sauran kuɗi, an karɓi bindiga, rana kaza, ƙarfe kaza, ku sa hannu duka.

Harsashi ba gyara ba ne. Mun saba in an yi ciniki mai daɗi a ɗora wa mai saye ɗan ƙari, amma kwalin harsashin da ya rage maka yana ƙarƙashin doka ɗaya da bindigar. Ka ƙirga su, ka faɗa wa jami'in adadinsu, ka bar shi ya yanke ko za a rubuta su ga mai saye ko za a karɓe. Kada kuma ka bar ko ƙwaya ɗaya a gida bayan lasisinka ya fita daga hannunka, domin sashe na 192 ya ambaci harsashi da sunansa. Ka duba aljihun rigar farauta, ka duba cikin mota.

Bayan wata ɗaya ko biyu ka koma ofishin ka nemi a tabbatar maka cewa canjin ya shiga rajista, ya kuma isa Accra. Mutane kan tsallake wannan, alhali fayil na iya kwana a kan tebur. Ka haɗa duk kwafin a jaka guda, ka ɗauki hotunansu a waya, ka ajiye su har abada, ka kuma gaya wa uwargida ko babban ɗanka inda suke da wanda ya sayi bindigar, saboda ranar da za a zo tambaya wataƙila ba ka gida.

In hukuma ta ƙi ba mai saye lasisi, ka mayar masa da kuɗinsa kamar yadda kuka rubuta, ku yi takardar warware ciniki, ka sanar da ofis cewa bindigar tana nan a sunanka. Kada ka yarda ya kawo sunan ƙaninsa ko abokinsa a nemi lasisi da shi alhali shi zai riƙe. In kuma bindigar ta tsufa har ba mai so, bututu ya tsage ko kunama ta lalace, kada ka ba masu sayen tsohon ƙarfe, kada ka kai Suame Magazine, unguwar makanikai, a yanka, kada ka jefa a rijiya. Ƙarfen da ka raina wani zai gyara shi ya yi aiki da lambarka a jiki. Ka rubuta wasiƙar sallamawa, ka miƙa ta ga 'yan sanda tare da lasisin, ka karɓi takardar shaidar cewa ka miƙa. Hukumar kula da ƙananan makamai ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2007, tana haɗa kai da 'yan sanda wajen lalata irin waɗannan makamai, kuma kana iya tuntuɓar ofishinta in kana son ƙarin bayani kan yadda ake sallamawa.